Gasar Jan Hankali a Wayar Salula da Hukuncinta a Ƙasar Kurfey

Garin Filinge, wanda yake zaune a gefen kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da birnin Yamai, shi ne cibiyar ƙasar Kurfey, ƙasar manoman gero da wake da makiyayan shanun Azawak, wadda samarinta suka daɗe da sabawa da tafiya ci-rani zuwa Yamai da Najeriya da Gana da Abijan da zarar an kai amfanin gona rumbu. A irin wannan ƙasa wayar salula ta zama abin buƙata na yau da kullum, domin da ita ɗan ci-rani yake sanar da gida cewa ya turo kuɗi ta Nita ko Al Izza, da ita mai dabba yake jin yadda kara ta ci kafin ya kora bisashensa kasuwa, kuma tun da rashin tsaro ya addabi arewacin jihar Tilaberi, da ita matafiyi yake tambayar lafiyar hanyar Abala kafin ya hau mota. Sai dai wayar da take ɗauke da waɗannan saƙonni ita ce kuma take ɗauke da dubban muryoyi da hotuna waɗanda kowannensu yake neman a tsaya a saurare shi, kuma daga nan tambaya ta taso a kan ko ya halatta mutum ya shiga gasar jan hankalin jama'a, da kuma inda iyakar wannan halasci ta tsaya.

Tun a shekarar 1971 masanin nan na Amurka, Herbert Simon, ya lura cewa duk inda labari ya yi yawa, abin da yake ƙaranci shi ne hankalin mai karɓarsa, saboda mutum ba ya iya sauraron abu biyu a lokaci guda, kuma yininsa ba ya ƙaruwa. A kan wannan ƙaranci aka gina kasuwancin Facebook da YouTube da TikTok, waɗanda ba sa karɓar kuɗin shiga daga mai kallo, amma suna sayar wa masu talla lokacin da ya ɓata yana kallo. Abin da yake zaɓar hoton da zai biyo bayan wanda aka gama kallo shi ne algoridim, wato tsarin lissafi da kwamfuta take bi tana auna abin da ya fi tsayar da yatsan mutum, sannan ta ƙaro masa irinsa, ba tare da ta tambayi ko gaskiya ne ko ƙarya, ko mai amfani ne ko mai cutarwa ba.

Neman a saurari mutum ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma ba laifi ba ne a karan kansa. Sanƙira yana ɗaga murya don ya isar da saƙon sarki, mai talla tana rera sunan hajarta a bakin tasha, ɗan kokawa yana kirari a tsakiyar fili kafin a kama, ladan kuma yana neman wuri mai tsawo don kiran salla ya kai nesa. A farkon kira zuwa ga Musulunci, kamar yadda ya zo a Sahihul Buhari, Manzon Allah (SAW) ya hau dutsen Safa ya yi kira irin wanda Larabawa suke yi idan hari ya taso, har Ƙuraishawa suka taru, sannan ya tambaye su ko za su gaskata shi idan ya ce akwai mahaya a bayan dutsen suna shirin afka musu, suka amsa cewa ba su taɓa jin ƙarya daga bakinsa ba. Abin lura a nan shi ne kiran ya samu karɓuwa ne saboda shekarun gaskiya da suka gabace shi, kuma abin da aka tara mutane dominsa ya cancanci taruwar. Sanƙira da mai talla da ɗan kokawa da ladan duk suna da fuska sananniya da gari da dangi, idan sun yi ƙarya akwai inda za a same su, kuma idan kasuwa ta watse ko fili ya tashi, kowa yana komawa gida da hankalinsa.

Malaman tarbiyya sun riga zamani magana a kan ɓangaren da ya shafi zuciyar mai neman a kalle shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din don zargin jahi da riya. Jahi a wurinsa shi ne mallakar zukatan mutane, kamar yadda dukiya take mallakar kaya, kuma ya nuna cewa son jahi ya fi son dukiya ƙarfi, domin mai jahi yana iya samun dukiya cikin sauƙi, ɓarawo ba ya sace jahi, sannan yana yaɗuwa da kansa daga baki zuwa baki. Riya kuwa ita ce yin aikin ibada don mutane su gani, sum'a kuma yin sa ko ba da labarinsa don mutane su ji, kuma almajirin da ya karanta Ahalari a zauren malaminsa a Filinge ko Shikal ya tarar da su biyun a shafukan farko, cikin jerin abubuwan da aka haramta wa baligi tare da ƙarya da giba da annamimanci da hassada. Gazali bai haramta jahi gaba ɗaya ba, ya yarda cewa mutum yana buƙatar gwargwadon mutuncin da zai kare shi daga zalunci ya kuma tafiyar da sana'arsa. Abin da zamani ya ƙara shi ne ƙidaya: a da mutum yana zaton matsayinsa ne a zukatan jama'a, yanzu kuwa ana rubuta masa adadin mabiya da na masu kallo a ƙarƙashin sunansa, yana dubawa safe da yamma, yana gwada nasa da na maƙwabcinsa, wanda shi ne ainihin alfahari da yawa da Suratut Takasur ta yi gargaɗi a kansa.

Ta fuskar hanyoyin da ake bi kuwa, fiƙihun kasuwa ya wadatar. Shari'a ta hana najashi, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi alhali ba ya nufin saye, don kawai ya ruɗi mai saye na gaskiya, kuma duk wanda ya san karar shanu ya san yadda dillali marar tsoron Allah yake ajiye abokinsa a gefe yana taya sa da tsada har baƙo ya faɗa tarko. Mai sayen mabiya na bogi, da mai buɗe shafuka da sunaye daban-daban yana yabon kansa, da mai ɗora wa hoto kanun da ba shi ne a ciki ba, duk wannan aikin suke yi, illa dai abin da suke karɓa daga wanda aka ruɗa lokacinsa ne da kuɗin megarsa ta intanet da amincewarsa.

Amma inda lamarin ya fi nauyi a ƙasar Kurfey shi ne WhatsApp, kuma a nan ba za a ɗora laifi a kan algoridim ba, domin saƙon da yake yawo a zaurukan dangi da na gari hannun mutum ne yake tura shi. Da yake mutane da yawa ba sa karatun boko, saƙon murya ya fi rubutu tafiya, kuma gasar da ake yi a cikinsa ita ce ta riga kowa ba da labari. Arewacin Tilaberi ya ga masifu na gaske: a watan Janairun 2020 an kashe sojoji 89 a Shinagodar, a watan Maris na 2021 kuma an kashe mutum 58 a yankin Banibangu, da yawansu suna dawowa daga kasuwa. Jama'ar da ta ga irin wannan ba ta da ikon yin watsi da murya mai cewa an ga babura a gefen gari kaza, dole uwa ta saurara, dole direba ya tsaya, dole manomi ya bar gona da rana tsaka. Saboda haka wanda ya ƙirƙiri irin wannan murya, ko ya ƙara mata gishiri, ko ya ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa ya ce na jiya ne a hanyar Filinge, ya karɓi hankalin mutane ne ta ƙofar da ba za su iya rufewa ba, kuma wannan ya fi kusa da ƙwace fiye da ciniki. Ɓarnar ba ta tsaya a ranar ba, domin duk ƙaryar da aka gano tana rage darajar gargaɗin gaskiya da zai zo gobe, ga shi kuma a ƙasar da Kurfayawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye suke cin kasuwa ɗaya suna shan rijiya ɗaya, murya guda da ta jingina laifi ga wata ƙabila tana iya jawo jinin wanda bai ji ba bai gani ba. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, amma hoton da aka sauya wa wuri da rana ya mayar da ganin kansa abin tuhuma. Haka nan yaɗa hotunan gawarwaki, wanda wasu suke ɗauka shaida ce ta damuwa, keta alfarmar mamaci ne, kuma babu uzurin da zai wanke wanda ya sa mahaifiya ta fara sanin rasuwar ɗanta daga allon waya.

Aya ta shida ta Suratul Hujurat ta umarci muminai da su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci wasu mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama, kuma hadisin da Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa ya nuna cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya isa ya sa shi cikin maƙaryata. Wannan ya rushe hujjar mai cewa shi turawa kawai ya yi. Kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda a shekarar 2019, bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe a Indiya, Nijar kuma ta kafa dokar hukunta laifuffukan intanet a shekarar 2019 ɗin, wadda aka sassauta a 2022 aka sake tsaurarawa a 2024. Doka tana da amfaninta, amma ba ta ganin niyya, kuma an sha kukan cewa ta fi saurin kama ɗan jarida da mai suka fiye da mai ƙirƙirar ƙarya, ballantana katse intanet ɗin waya na kusan kwana goma da aka yi bayan zaɓen Fabrairun 2021, wanda ya toshe mai gaskiya da maƙaryaci baki ɗaya.

Akwai masu cewa idan malamai da mutanen kirki suka ƙaurace wa wannan fage, sun bar shi ga 'yan rawa da masu zagi, kuma wannan magana tana da ƙarfi, domin saurayin da yake zaune a fadar samari yana jiran shayi ya nuna ba zai bar wayarsa ya tafi neman wa'azi ba sai wa'azin ya same shi a cikinta. Shigar malami fagen daidai ne, haɗarin yana cikin abin da fagen yake koya masa a hankali, wato cewa raddi ya fi karatun Risala kawo masu kallo, kuma ambaton sunan wani malami da kaushi ya fi bayanin hukuncin gado yaɗuwa. Ma'aunin da malaman zuciya suka bayar yana da sauƙin faɗa da wuyar cikawa: mai wa'azi ya duba ko zai yi farin ciki idan mutane suka shiryu ta hannun waninsa.

Game da ita kanta wayar kuwa, zaɓin irin wadda mutum zai riƙe yana cikin babin mubahi, wato abin da shari'a ba ta yi umarni da shi ba kuma ba ta hana ba. Ƙaramar waya mai madannai tana kwanaki ba ta nemi caji ba, tana da tocila da rediyo, tana jure ƙura da faɗuwa, abin da yake da muhimmanci ga makiyayi da mutumin ƙauyen da sai ranar kasuwa yake kai wayarsa teburin mai caji, inda wayoyi suke jere a kan katako kowace da 'yar takarda mai lamba, igiyoyinsu sun taru a kan batirin da faifan hasken rana yake ciyarwa. Babbar waya kuma ita ce take ba tsohuwar da ba ta iya rubutu ba damar aika muryarta Abijan ta kuma ga fuskar jikan da aka haifa a can. Wanda ya san zuciyarsa ba ta da linzami a gaban TikTok, ya koma ƙaramar waya, ya yi aiki da ƙa'idar Malikiyya ta saddu zari'a, wato toshe hanyar da take kaiwa ga ɓarna tun kafin a isa gare ta, kuma ya kyauta. Sai dai ba shi da ikon mayar da zaɓinsa ma'aunin taƙawar wasu, domin Gazali ya yi bayanin masu riya da tsofaffin tufafi da nuna gudun duniya, kuma ƙaramar waya tana iya zama irin wannan tufa idan ana ɗaga ta a majalisa don a ce wane ya fi ƙarfin zamani. Ya kamata a tuna kuma cewa da yawan masu ƙaramar waya a Kurfey rashi ne ya zaɓa musu, mata da yawa ma aron wayar miji ko ta ɗa suke yi.

Mubahi yana canza hukunci idan ya taɓa haƙƙin wani. Magidancin da yake sayen mega alhali babu cefane, da ɗan da mahaifinsa yake masa magana idonsa yana kan allo, da mai ɗaukar hoton maƙwabci a wurin biki ko makoki ya watsa ba da izininsa ba, duk sun fita daga da'irar abin da ya shafe su su kaɗai. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta bayyana cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne, kuma tambayar ta hau kan mai kallo kamar yadda ta hau kan mai nunawa, tun da kallonsa ne kuɗin da ake gasar a kansa.

Nauyi mafi girma yana kan waɗanda suke riƙe da zaurukan WhatsApp na garuruwa da na dangi, daga Filinge zuwa Bonkuku da Tukunus har zuwa 'yan ci-ranin da suke bakin teku, domin su ne sanƙirorin wannan zamani ko sun sani ko ba su sani ba. Ya wajaba a kansu kada su bar labarin hari ya wuce sai an san wanda ya faɗa da ranar da abin ya faru da wurin, su goge hoton gawa da zarar ya shigo, kuma idan labari ya tabbata ƙarya ne su sa wanda ya kawo shi ya janye da muryarsa a zauren da ya faɗe shi. Limaman Juma'a na ƙasar Kurfey kuma su sanya wannan babi cikin huɗubobinsu da karatun azumi, kamar yadda suke karantar da hukuncin awo da ciniki.