Harshe Ne Ke Shari'a, Ko Suna?

A ƙasashen da ake noman inabi, kamar Faransa, mai ƙaramin garka yakan kira baƙi su ɗanɗana ruwan inabinsa, ja da fari. Jan yana samun launinsa ne daga ɓawon 'ya'yan inabin da aka bari a cikin ruwan sa'ad da yake tsimuwa. Farin kuwa ana raba shi da ɓawon tun da wuri. Gwanayen ɗanɗano sukan shinshina, su kurɓa, sa'an nan su tofar, gama wanda ya bugu ba ya iya rarrabewa.

Amma ko mai natsuwa yana iya yin shari'ar gaskiya in ya riga ya san sunan mai kaya?

A ranar 24 ga Mayu 1976, wani Baturen Ingila mai sayar da ruwan inabi, Steven Spurrier, ya tara gwanaye tara 'yan Faransa a birnin Paris. Aka zuba musu ruwan inabin manyan gidajen Faransa da na ƙananan gidajen Kalifoniya ta Amurka, ba tare da sun ga kwalaben ba. Da aka haɗa maki, farin Chateau Montelena da jan Stag's Leap, dukansu na Kalifoniya, suka zo na ɗaya. Ɗaya daga cikin alƙalan ta nemi a mayar mata da takardarta. Harshenta ya faɗi gaskiya, zuciyarta kuwa ta ƙi. Gaskiya ɗaci gare ta.

A bikin Kana ta Galili ma, kamar yadda Yahaya ya ba da labari a sura ta 2, uban bikin ya yabi ruwan inabin bai san inda ya fito ba.

Wannan magana ba kira ba ce ga sha. Littafi Mai Tsarki ya tsawata a kan buguwa. Abin dubawa shi ne halin zuciya. A taron ikilisiya gwauruwa matalauciya takan kawo shawara, a yi shiru. Mai babbar riga ya maimaita ita ɗin, a ce madalla. Yakubu ya kira irin wannan nuna bambanci zunubi a sura ta 2 ta wasiƙarsa.

Mutum ba kwalba ba ne da za a ɓoye sunansa. Saboda haka dole mai shari'a ya tambayi kansa: da wani ne ya faɗi wannan magana, da na karɓa? In amsar ta sāke saboda sunan ya sāke, to, bai ɗanɗana maganar ba tukuna.