Wa Za A Saurara, Uwar Mashayi Ko Mai Jinya?

Da za a tara matan unguwarku a ce wadda ke son a hana Tramol shigowa ƙasar nan ɗungurungum ta ɗaga hannu, da wuya a sami hannun da zai tsaya a cinya. Kowacce ta ga ɗan wani, ko nata, yana layi a bakin titi, ko ya faɗi yana farfaɗiya. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. To amma kafin ki ɗaga naki hannun, ki ji yadda aka yi wannan gardama tsakanin ƙasashe, don akwai wata mata da ba a cika tunawa da ita ba.

Tun 1961 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya kan magunguna masu bugarwa. Duk maganin da aka sa a jerinta, irin su mofin, ƙasa ba ta shigo da shi sai ta bayyana yawan bukatarta ga wata hukuma da ke Biyana ta ƙasar Ostiriya, ta nemi takardun izini, ta kuma riƙa ba da lissafi. Tramol, wanda sunansa na asali tramadol kuma wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shi a 1977, ba ya cikin jerin. Masar, da ita ma annobar ta addaba, ta matsa a saka shi. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba a 2014, ya sake dubawa a 2018, duka biyun ya ce a bar shi a waje, a dai ci gaba da sa ido.

Za ki ce wannan ai rashin imani ne. Ga dalilinsu. A ƙasashe matalauta da yawa, Tramol ne kusan kaɗai maganin ciwo mai ƙarfi da talaka ke iya samu. Wani rahoto na mujallar likitoci ta Lancet a 2017 ya nuna rabin mutanen duniya mafiya talauci ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa a duniya, alhali magani ne mai araha. Tsoro da wahalar takardu suka sa asibitoci ke gudunsa. In aka yi wa Tramol irin wannan kulle, ki tuna da matar da ke zaune kan tabarma a ɗakin asibiti, mahaifiyarta na fama da sankarar mama, ko yaronta mai sikila na murƙususu tsakar dare. Wadda ta taɓa yin irin wannan jinya ta san daren ba ya wayewa. Ita wannan mata ba ta zuwa rediyo, ba ta zanga-zanga, shi ya sa muryar uwar mashayi ta fi tata ƙarfi. Alhali dukansu biyu uwaye ne, wani lokaci ma mace ɗaya ce.

A ganina kwamitin ya yi daidai, ko da yake na san akwai wadda maganar za ta yi wa ɗaci. Malamanmu sun bambanta abin da aka sha don maye da wanda likita ya rubuta don larura, kuma ba a hukunta marar lafiya da laifin mai lafiya. Sannan ki duba abin da ake kamawa a tashoshin jiragen ruwa na Legas. Wanda hukuma ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, amma kwantenonin da ake kamawa cike suke da mai 200 da 225. Wannan ba don gadon asibiti aka yi shi ba, wanda ya ƙera shi ma ya sani.

Nan ne nake ganin zaluncin yake. Akasarin waɗannan ƙwayoyi daga Indiya suke fitowa. A 2018 Indiya ta tsananta dokarta kan Tramol, shekarar da Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin. Sai 'yan kasuwa suka sauya salo. A Fabrairun 2025 binciken BBC ya tona asirin wani kamfani a Mumbai da ke haɗa wasu magunguna biyu masu haɗari a ƙwaya ɗaya yana turowa Ghana da Nijeriya da Kwaddibuwa, haɗin da babu ƙasar da ta amince da shi. Sai bayan fallasar Indiya ta hana. Wato abin da mutum ba zai ba ɗansa ba, ya ɗure a jirgi ya aiko wa naki. Mu ma ba mu fita ba, don kwantena ba ta da ƙafa, wani ne ya yi odarta, wani ya buga mata hatimi, wani ya raba wa masu kemis da masu tallar magani a faranti.

Ana iya tsare ƙofa ba tare da an bar majinyaci cikin azaba ba. Uganda ta gwada. Tun 2004 ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman damar rubuta mofin na ruwa, ana kai wa masu sankara har gida, ana rubuta kowace kwalba. Ƙasa ce da ba ta fi mu arziki ba.

Saboda haka in ƙungiyarku za ta kai koke ga hukuma kan shaye-shaye, ku nemi a binciki masu odar kwantenoni da masu sayarwa ba takardar likita, ku kuma tambayi ko asibitin garinku yana da maganin ciwo mai ƙarfi ga mai sankara da mai sikila. A gida kuwa, ragowar Tramol da aka rubuta wa wani bayan tiyata kada ki bar shi a kan durowa, kada kuma ki miƙa wa maƙwabciya don ta ce bayanta na ciwo. Ki mayar da shi asibiti.