Shin yaro naƙasasshe yana da haƙƙi a filin wasa?

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam kuma ya girmama shi, mai ƙafa da gurgu, mai gani da makaho, mai ji da kurma. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, tambayar da muke son mu tsaya bisanta a wannan fitowa, mai yiwuwa wasu su ga ta yi ƙanƙanta ga shafin addini. Idan la'asar ta yi sanyi, a unguwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, yara sukan fita fili da balonsu, su girke duwatsu biyu a matsayin raga. A gefen filin sau da yawa akwai yaro zaune bisa kekensa, ko jingine da sandunansa, aikinsa shi ne tsaron takalman masu wasa. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya doke shi. To, shin an tauye masa wani haƙƙi, ko kuwa ƙaddara ce kawai wadda babu hannun kowa a ciki?

Mu fara da abin da muka saba ba shi. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci muna miƙa masa dala biyar ko dala goma, kuma muna fatan lada wurin Allah, wanda ba ya tozarta aikin mai kyautatawa. Amma a cikin sadaka akwai hannu mai bayarwa, akwai hannu mai karɓa. Yaron da tun yana shekara biyar bai san mutane ba sai ta wannan fuska, yakan tashi da zaton cewa naƙasarsa ita ce jarinsa, bara kuma ita ce sana'ar da aka halicce shi dominta. Filin wasa ne wurin da yaro yake haɗuwa da warinsa kafaɗa da kafaɗa: a ba shi balo, ya ɓarar a yi masa tsawa, ya ci a ɗaga shi sama, a yi faɗa a shirya kafin magariba. A nan ake samun abokan wasan ƙasa, kuma kowa ya san matsayinsu a rayuwar Bahaushe. Su ne abokan ango ranar aure, su ne masu tsaya wa mutum a kasuwa idan yana neman bashi, su ne masu ɗaukar makararsa. Wanda aka hana wa wasan ƙasa an hana masa waɗannan mutane tun bai san zai buƙace su ba.

Lamarin kuwa ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da naƙasa mai nauyi, wato mutum ɗaya cikin shida. Hukumar UNICEF ta ce a 2021 yara naƙasassu sun kusa miliyan 240. Mu nan mun san hanyoyin da abin yake shigo mana: shan inna, da sanƙarau mai barin yaro kurma, da ƙyanda mai taɓa ido, da haɗarin babur. A 2020 an bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar daji ta shan inna, alhamdu lillahi, amma waɗanda cutar ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan tare da mu. Magabata sun ce ba a gama halittar mutum sai ranar da ya mutu. Mai dariyar gurgu da safe bai san da wace ƙafa zai koma gida ba.

A nan ya kamata mu rarrabe abu biyu da muke cakuɗawa. Shanyewar ƙafa hukuncin Allah ne, muna karɓarsa da haƙuri da yarda. Zaunar da mai ƙafar a gefen fili kuwa aikin hannunmu ne, mu muka zaɓe shi, kuma za a tambaye mu bisansa. Ba ya halatta mu jingina wa ƙaddara abin da muke da ikon gyarawa da yammacin yau.

Shari'a da kanta ta koya mana hanya. Sahabi Imrana ɗan Husaini, Allah ya yarda da shi, ya yi fama da ciwo, ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) yadda zai yi salla, aka umurce shi ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Ku duba da kyau: siffar aikin aka sauya domin kada mutumin ya fita daga cikinsa. Shi ya sa gurgu yake zama a tsakiyar sahu, kafaɗarsa tana taɓa ta mai tsaye, kuma babu malamin da ya ce sahun ya ɓaci. A Suratun Nur, aya ta 61, Allah ya ɗauke ƙunci daga makaho da gurgu da majinyaci a sha'anin cin abinci, kuma daga cikin abin da malaman tafsiri suka faɗa bisa dalilin saukarta akwai cewa mutane suna ƙin haɗa akushi da su, su ma suna jin nauyin zama da masu lafiya. Farkon Suratu Abasa kuma ya sauka ne saboda makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zamo ladan tare da Bilal, kuma Annabi (S.A.W.) ya sha barin shi wakili a Madina idan ya fita.

Akwai kuma labarin Amru ɗan Jamuh, dattijo mai ɗingishi ƙwarai. Da za a fita Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, ɗiyansa suka so su hana shi, suna cewa Allah ya yi masa rangwame. Ya kai ƙara wurin Annabi (S.A.W.), sai ya tabbatar masa cewa lalle fitar ba ta wajaba a kansa ba, sa'an nan ya juya ga ɗiyan ya ce kada su tare shi. Ya fita, ya yi shahada. Darasin da ke ciki shi ne jigon maganarmu duka: rangwame na mai uzuri ne, shi yake da zaɓin ya ɗauka ko ya bari. Ba sanda ba ce da aka ba masu lafiya su kore shi da ita. Mu kuwa mun mayar da "bar shi, ai ba ya iyawa" kalmar tausayi, alhali sau da yawa ƙofa ce muke rufewa da ita. Ɗaliban Muwaɗɗa sun san sau nawa suke karanta ruwayar Malik daga Abu Zinad daga A'araj daga Abu Huraira. Ma'anar A'araj ita ce mai ɗingishi. Da mutanen Madina sun zaunar da shi a gefe, da ilimi mai yawa bai iso mana ta hannunsa ba.

Wani zai ce: wannan salla ce da ilimi, me ya haɗa su da wasa? Amsa ita ce, wasan da babu caca a cikinsa, babu tsiraici, kuma bai shagaltar da salla ba, halal ne. Annabi (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha, kuma mutanen Habasha sun yi wasan masu a cikin masallacinsa ranar idi yana kallo. Idan har salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, an sassauta siffarta domin mai rauni ya shiga, ina ga dokar balo, wadda mutane irinmu suka zauna suka tsara?

Masu cewa sauya doka ɓata wasa ne, su tuna da langa. Wasa ne na kakanninmu, inda mai ƙafa biyu yake kama ɗaya da hannunsa, ya mayar da kansa mai ƙafa ɗaya, kuma a nan daɗin wasan yake. Kowane wasa haka yake: ƙuntatawa ce da ƴan wasa suka yarda su ɗora wa kansu. Mai buga balo an hana shi hannu, mai langa an hana shi ƙafa. Wanda ya fahimci wannan zai ga cewa tsara wasa bisa jikin da yaro yake da shi bai fita daga asalin wasa ba.

Mutane a wurare da dama sun gwada, kuma an ga amfani. A Ingila, likita Ludwig Guttmann ya lura cewa sojojin da suka karye a ƙashin baya lokacin yaƙin duniya na biyu suna mutuwar zuciya kafin mutuwar jiki, sai ya shirya musu gasar harbin baka a asibiti a 1948, mutum 16 bisa kekuna. Daga wannan ne gasar naƙasassu ta duniya ta tsiro, aka yi ta farko a birnin Roma a 1960. A Saliyo, yaƙin basasar 1991 zuwa 2002 ya bar samari da yawa da yankakkun gaɓoɓi. Suka kafa ƙungiyar ƙwallon masu ƙafa ɗaya, suna gudu bisa sanduna, mai tsaron raga kuma mai hannu ɗaya, har aka yi gasar Afirka ta farko a babban birninsu a 2007. Angola ta ci kofin duniya na wannan wasa a 2018. Kusa da mu, a Kano, Misbahu Lawan Didi, wanda shi kansa shan inna ta taɓa, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988: suna zaune bisa katako mai ƙananan tayu, irin wanda aka saba ganin ana bara da shi, suna buga ƙwallo da hannu. Katakon bara ya koma dokin sukuwa. Lalle babu naƙasasshe sai kasasshe.

Sai dai waɗannan ƙungiyoyi ne na naƙasassu zalla, kuma mu a ƙasar Hausa mun daɗe da sanin irin wannan tsari: ga Sarkin Makafi, ga Sarkin Guragu, kowa da jama'arsa. Tsarin yana da amfaninsa, domin yana ba su murya da mai tsaya musu. Amma yaro kurma guda ɗaya a ƙauye ba zai tara ƙungiya ba, kuma ko a birni, idan sun yi wasansu can mu muna namu nan, ɗiyanmu masu lafiya ba su koyi komi ba. Abin da ya fi shi ne fili ɗaya. Akwai wasan makafi da ake kira golbal, wanda aka ƙirƙira a 1946: mutum uku a kowane ɓangare, ƙwallo mai ƙararrawa a ciki, kuma kowa ana ɗaure masa ido. Idan mai gani ya shiga, sai ya tarar makahon da yake ja-gora jiya shi ne malaminsa yau. A gasar judo ta makafi ana fara karawa ne bayan kowa ya riƙe abokinsa. Me zai hana mu yi haka a kokowa, wadda ƙasarmu take gasar takobinta tun 1975 a Tawa? Dara kuma ba ta taɓa tambayar kowa ƙafa ba.

Saura uzurori uku da muke ji. Na farko, a ce ciki da yunwa ba ya wasa. Gaskiya ne abinci da magani da lakwal suna gaba, amma balon tsumma da ƴan duwatsu a cikin gwangwani ba su rage wa kowa tiyar hatsi ba, kuma yaron da ya sami abokai a fili ya fi son bin su zuwa aji. Na biyu, tsoron uwaye kada ya ji ciwo ko a yi masa dariya. Tsoro ne na ƙauna, muna girmama shi, maganinsa kuwa babba mai hankali a bakin fili. Ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki yana raunana jikinsa, yana kuma koya masa cewa shi abin kunya ne. Na uku ya fi ɓoyuwa: a sa shi cikin wasa amma a dinga bar masa ya ci. Yaro ba wawa ba ne, ya san an raina shi. Wannan ma sadaka ce aka sa wa rigar wasa. Girmama shi shi ne a tsara doka mai adalci, sa'an nan a kara da shi da gaske, ya ci da guminsa, ya faɗi da guminsa.

Kada kuma a manta da ɗiya mata. Yarinya naƙasasshiya ta fi kowa ɓoyuwa. A tsakar gida, ko a farfajiyar makaranta a ƙarƙashin kulawar malama, cikin sutura da kamun kai, tana da haƙƙin gaɗa da carafke tare da ƙawayenta.

Nijar ta amince a 2008 da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 bisa haƙƙoƙin naƙasassu, wadda sashenta na 30 ya ambaci damar yara ta yin wasa daidai da sauran yara, har a cikin makaranta. Amma takarda ba ta raba yara gida biyu da la'asar; manyan unguwa ne suke gani. Saboda haka muna kira ga malaman allo da na madarasa da na lakwal, kada su bar yaro shi kaɗai a aji lokacin hutu. Muna kira ga samarin fada su sa shi cikin ƙungiya, su koyi ɗaga ƙyalle a madadin usur saboda kurma. Muna kira ga uwaye su hana ɗiyansu kiran yaro da sunan naƙasarsa, domin Allah ya hana jifan juna da munanan laƙabobi. Maƙera da masu walda su taimaka da gyaran keke da sanda, mawadata su tuna cewa share fili ma sadaka ce mai gudana. Mu limamai kuma mu faɗi wannan bisa mumbari, domin jama'a su san al'amari ne na haƙƙi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya sa mu cikin masu jinƙai waɗanda yake jinƙai, ya tsare mu da tauye haƙƙin mai rauni da saninmu ko ba da saninmu ba. Amin.