Karatun da zuciya ba ta ciki: munafunci ne ko riƙon alkawari?

Akwai wata magana da ke yawo a bakin matasa masu zuwa majami'a, daga Maraɗi har Damagaram, kuma na tabbata a Tawa da Yamai ma an san ta. Mutum zai ce shi fa ba ya buɗe Littafi Mai Tsarki sai ranar da ya ji abin a ransa, don wai karatun da zuciya ba ta ciki munafunci ne, Allah kuwa ba ya son munafuki. Maganar tana da daɗin ji, har tana da kamar tsoron Allah a ciki. Ni dai ban yarda da ita ba, kuma ina so in faɗi dalilina dalla-dalla. Ƴan uwanmu Musulmi da za su karanta wannan ɗan littafi, kada ku tsallake shafin. Duk wanda ya taɓa ɗaukar izu biyu a rana cikin azumi don ya sauke Alƙur'ani kafin salla ya san ranar da baki ke karatu, hankali kuwa yana kasuwa. Tambayar ta shafe mu duka.

Mu fara da ita kalmar. Mene ne munafunci? Kalmar Girkanci da aka fassara da munafuki a cikin Sabon Alkawari, asalinta sunan ɗan wasan kwaikwayo ne, mai hawa dandali ya zama wani mutum a gaban ƴan kallo. A sura ta 6 ta Matiyu, mutanen da Yesu ya kira da wannan suna masu addu'a ne a kan hanya, masu ba da sadaka da shela, masu ɓata fuska ranar azumi, duk don a gan su. Maganin da ya bayar kuwa shi ne a koma ɗaka a rufe ƙofa. Ke nan munafunci sai da ƴan kallo. To ɗalibin da ya tashi da asuba, kuran ya ɗauke, ya haska tocin salula ya karanta sura guda yana hamma, babu wanda ya gan shi, wa yake yi wa wasan? Allah ya riga ya san zuciyarsa a bushe take, shi ma ya sani, babu wanda aka ruɗa. Inda munafunci ke iya shigowa shi ne bayan an rufe Littafin, lokacin da aka ɗauki hoton shafin aka ɗora a WhatsApp don ƴan ƙungiya su san wane ya tashi tun ƙarfe biyar.

Waɗanda suka yi falsafa a tarminal za su tuna da Aristot. A cikin littafinsa na ɗa'a ya nuna cewa hali da yi ake samunsa: magini da gini yake zama magini, mai adalci da aikata adalci yake zama mai adalci. Son abu sau da yawa bayan sabo yake zuwa. Kant ma, a littafinsa na 1785, ya ɗauki misalin mutumin da baƙin ciki ya rufe masa zuciya har ba ya jin tausayin kowa, amma duk da haka ya taimaki mabukaci don ya san wajibi ne, ya ce a nan ne darajar aikin ke fitowa fili. Ba sai mun bi Kant har ƙarshe ba kafin mu ga gaskiyar da ke nan. Uwar da ta tashi tsakar dare ta shayar da jinjiri, ranta a ɓace don barci, wa zai ce mata munafuka? Ai ranar da ba ta ji daɗin tashi ba, ranar ce ƙaunarta ta fi bayyana.

A cikin Littafin kansa ma bushewar zuciya ba baƙuwa ba ce. Zabura tana da waƙoƙi 150, da yawa daga cikinsu kuka ne na mutumin da ke jin Allah ya yi nisa. Zabura ta 88 ma da duhu ta fara, da duhu ta ƙare, babu wata kalmar samun sauƙi a ƙarshenta, amma an bar ta cikin littafin addu'a. A zamaninmu kuma, lokacin da aka buga wasiƙun Uwa Teresa ta Kalkuta a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, duniya ta ga cewa ta yi shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah a ranta, kuma ba ta bar addu'a ko aikin kula da matalauta ba. Da ta bi ƙa'idar abokanmu, da ta tattara ta koma gida tun da wuri.

Akwai kuma wata illa da ban ji ana faɗa ba, ita ce ta fi damuna. Mai jiran sai ya ji a ransa, idan ya buɗe Littafin, ina yake buɗewa? Wajen da ya san zai masa daɗi. A haka mutum zai shekara goma yana zagaya ayoyi goma. Ku duba abin da ake ɗorawa idan bak ta gabato. Irmiya 29:11 tana kan gaba, mai maganar shirin alheri da Allah ke da shi. Amma wannan aya cikin wata wasiƙa take da aka aika wa mutanen da aka kwashe zuwa Babila, kuma ayar da ke gabanta ta ce musu sai sun cika shekara 70 a can. A sama kaɗan an umarce su su gina gidaje, su yi lambuna, su nemi alherin garin da ya ci su da yaƙi. Yawancin waɗanda suka fara jin wasiƙar ba za su ga ranar komowa da idonsu ba. Haka Filibiyawa 4:13, wadda ake maida ta layar cin jarrabawa. Bulus yana tsare ya rubuta ta, kuma ayoyin da suka gabace ta magana suke a kan koyon zama da ƙoshi da zama da yunwa. Wanda ya karanta surar gaba ɗaya zai sami abin riƙewa ko da sunansa bai fito ba ranar sakamako. Wanda ya tsinci ayar ita kaɗai, ranar nan zai ga kamar Allah ya saɓa masa alkawarin da bai taɓa yi ba.

Ya kamata mu san ma cewa waɗannan lambobi da muke yanka Littafin da su ba tare da shi suka zo ba. Rabon surori da ake bi yau ana danganta shi ga Stephen Langton, wani babban limamin kirista na Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyi na Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. An yi su don sauƙin nema. Wasiƙar Bulus wasiƙa ce, kuma babu wanda ke karanta wasiƙar babansa ya ɗauki layi na takwas ya bar sauran. A Matiyu sura ta 4, Shaiɗan ma da ayar Zabura ta 91 ya zo wa Yesu. Tsintar aya ba ta buƙatar tsoron Allah.

Mai karatu a jere, yau nan gobe gaba, shi ba ya zaɓe. Wata rana zai faɗa cikin Amos sura ta 8, inda ake tsawata wa ƴan kasuwa masu rage mudu da murɗe ma'auni, ya tuna da tiyar da ake awo da ita a rumfar gidansu. Wata rana Yaƙub sura ta 5 ce za ta tare shi da maganar haƙƙin ƴan ƙodago da aka danne. Wata rana Luka sura ta 6, ƙaunar maƙiyi, alhali jiya ya rantse ba zai sake gaida wani ɗan ajinsu ba. Irin waɗannan wurare zuciya ba ta taɓa cewa je ka karanta. Sai tsari ya kai mutum can. Shi ya sa nake ganin wanda ke bin jin ransa kaɗai ya fi kusa da ruɗin kai, don shi ke gaya wa Littafin abin da zai ce masa.

Sai dai kada in yi kamar masu wancan ra'ayi ba su da ko kaɗan na gaskiya. Suna da ita. Littafi Mai Tsarki irin na yawancin majami'unmu yana da littattafai 66 da surori 1,189. Sura uku kullum, biyar ranar Lahadi, an gama cikin shekara. Wannan lissafi mai sauƙi yana iya zama tarko. Mutum ya koma mai cika layi a takarda, ido na gudu a kan shafi, in aka tambaye shi bayan minti goma me ya karanta sai ya sosa ƙeya. Manhajar YouVersion ma tana ƙidaya wa mutum kwanakin da ya jera yana buɗe ta, har wani ya buɗe don kada lambar ta koma sifili. Robert Murray M'Cheyne, wani matashin fasto na garin Dundee a Sikotland, shi ya tsara wani sanannen jadawali a 1842: wajen sura huɗu a rana, Tsohon Alkawari sau ɗaya a shekara, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu. Abin da ya burge ni shi ne, da hannunsa ya jera haɗarurrukan tsarin nasa kafin ya faɗi amfaninsa: ya zama al'ada marar rai, ya sa mutum ganin kansa adali, ya jawo karatun gaggawa, ya zama kaya mai nauyi. Ya rasu a 1843 yana da shekara 29, ke nan kusan tsaranmu ne. Ya ga ramin, amma bai ce a fasa tafiya ba.

To ta yaya za a gane karatun da ke da rai da wanda ya mutu, in ba da jin daɗi ba? Wasiƙar Yaƙub, a sura ta farko, ta kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya duba madubi ya juya ya manta kamanninsa. Ma'aunin ke nan. Mutum na iya zubar da hawaye a kan sura da safe, da rana ya saci amsa a jarrabawa. Wani kuma ya karanta a bushe, amma da yamma ya kasa cin bashin da ya yi niyyar dannewa, don wata kalma ta maƙale masa. Wanne ne ya karanta?

Manoma sun san abin da ake kira bizne: a zuba iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ranar da ya zo ya tarar da hatsi na jira. Akwai kasada a ciki, wani irin yakan lalace, ba kowane rami ke tsirowa ba. Karatun ranakun bushewa haka yake. Ba zan ce muku kowace sura za ta yi amfani ba. Amma ranar rasuwa, ko ranar da aka kafe sakamako babu sunanka, ba ranar fara neman shafi ba ce. Abin da ke cikin ƙasa shi ke tsirowa.

Ga abin da nake ba da shawara, kuma shi nake bi. A tsaida lokaci guda, ko minti goma sha biyar ne, a ajiye salula nesa in akwai Littafin takarda. A ɗauki littafi guda a bi shi daga farko har ƙarshe. Markus sura 16 ce kawai, Rut da Yunana huɗu-huɗu. Wanda lissafin shekara ya yi wa nauyi ya rage, babu inda aka ce sai an gama cikin wata goma sha biyu. Wani ɗan zuhudu mai suna Guigo, a ƙarni na 12, ya tsara matakai huɗu: karantawa, juya maganar a zuci, addu'a a kanta, sannan yin shiru. Sakin layi ɗaya da aka bi ta haka ya fi sura biyar da aka tsallake da gudu. A karanta da murya, kuma a gwada da Hausa. Mu ƴan lakkwal mun saba da Louis Segond, muna ganin Faransanci ya fi kwarjini, alhali cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, an kuma yi wasu fassarori bayansa. Maganar gafara da harshen da uwarka ta yi maka faɗa da shi tana da wani nauyi daban. A ajiye kaye da bik, a rubuta layi ɗaya: me wannan wuri ke nema daga gare ni yau? In an gamu da abin da ya shige duhu, a tambaya. Bahabashen nan na Ayyukan Manzanni sura ta 8 babban ma'aji ne na sarauniya, amma bai ji kunyar gaya wa Filibus yana buƙatar mai bayani ba.

Sauran abu guda: abin da ka karanta da safe, bar shi tsakaninka da Allah, kada ka ɗora shi a ko'ina sai ka ga alamarsa a halinka. Mai tsoron munafunci da gaske, a nan ya kamata ya sa tsoronsa. Gobe da asuba kuwa, ko zuciya ta amsa ko ba ta amsa ba, a buɗe a ci gaba daga inda aka tsaya.