Wa Ke Da Tsakar Gida?

Gidan kakanmu a Djougou ɗakuna ne a kewaye, tsakiya kuma fili da rijiya da bishiyar mangwaro. Ginin masauki ne tun zamanin da fatake ke tasowa daga Kano zuwa Salaga sayo goro, su yada zango a garin: baƙo ya sami ɗaki, jakunansa su kwana a fili.

Da aka raba gado kowa ya san ɗakinsa. Filin ne ba a ambata ba, don ba wanda ya ɗauke shi dukiya. Yanzu ga ni a Parakou, kuɗin makarantar yara ya matsa mini, ina son in gina ɗaki biyu a gaban nawa in zuba 'yan haya. Malam ya ce ba laifi in sauran magada sun yarda. Za su yarda kuwa, domin kowa jira yake wani ya fara.

A 1927 ƙungiyar maɗinka ta Amalgamated ta gina wa ma'aikata benaye kewaye da lambu a birnin New York. Mazauni ba ɗaki yake saye ba, hannun jari yake saye a gidan baki ɗaya, don haka lambun ba ya rabuwa. Su yarjejeniya ce ta tsare musu fili. Namu kunyar kaka ce ta tsare shi, kaka kuwa ya rasu.

Akwai wata tsohuwa da ya ba ɗaki kyauta, kullum a gindin mangwaron take wuni. Ba ta cikin magada, ba za a tambaye ta ba. Bulo kam na saya, yana nan jibge a bakin zaure tun kafin damina.