Itacen Da Ba Ya Kaɗe Ganye



Kowace shekara idan Kirsimeti ya gabato mukan ga itacen fir na roba a kasuwar Sabon Gari, mu saya mu kafa a ɗaki. Na ainihin kuwa itacen ƙasashen sanyi ne, ganyensa kamar allura, yana nan kore ko a tsakiyar ƙanƙara. Shi ya sa Kiristocin Jamus suka ɗauke shi alamar rai marar matuƙa. Annabi Ishaya ma, a sura ta 41, ya lissafta shi cikin itatuwan da Allah ya yi alkawarin dasawa a hamada. Amma wanda ya dasa fir a Kano, zafin watan Afrilu zai ƙone masa shi.

Allah bai bar mu haka ba. Duk wanda ya ratsa Shahuci, cikin birni, a tsakiyar hunturu, lokacin da kuka ta tsaya tsirara, ƙura ta rufe ko'ina, zai tarar da darbejiya riƙe da ganyenta, masu sana'a da masu jiran mota suna hutawa a gindinta. Baƙuwa ce, asalinta Indiya, a zamanin Turawa aka kawo ta, ga shi ta zama 'yar gari. Maƙwabtanmu Musulmi suna lissafta dasa itace cikin sadaka mai gudana, kuma a nan muna da abin koyi a wurinsu.

To, yaya ake renon ta? A dasa ta idan damina ta kankama, wajen Yuni ko Yuli, cikin rami mai zurfi wanda aka gauraya ƙasarsa da taki. Kada a matsa ta jikin katanga, gama saiwarta za ta tsaga ginin. A kewaye ta da ƙaya ko tubali, domin akuya ba ta san haramun ba. Wannan duka aikin yini ɗaya ne. Aikin gaske yana farawa a watan Oktoba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, ya bar mu wata bakwai ko fiye ba ɗigo. A ranin farko da na biyu dole a ba ta ruwa, da sassafe ko da yamma, ko da kuwa ana sayen ruwan a hannun mai garuwa. Idan ta tsallake waɗannan, saiwa ta riga ta yi zurfi, ba ta ƙara neman kowa. Sau nawa muka ga an yi bikin dashen itatuwa, an ɗauki hoto, kafin Ista ba abin da ya saura sai busasshen tsinke?

Haka muke yi da 'ya'yanmu, 'yan'uwa. Ranar baftisma coci yakan cika, a yi ɗinki, a dafa shinkafa. Bayan nan uban baftisma ya ɓace, uwar baftisma ba ta ko tuna sunan yaron. Ajin katikisma kuwa ana barin katikis shi kaɗai da yara, iyaye ba sa tambayar abin da aka koya. Sa'an nan idan yaron ya girma ya bar coci, mu ce zamani ne ya lalace. Wa ya shayar da shi a raninsa na farko? Addu'ar dare a gida, alamar gicciye kafin cin abinci, kawo yaro Misa ran Lahadi ko da an gaji, su ne bokitin ruwan nan na kowace safiya.

Paparoma Francis, cikin wasiƙarsa ta 2015 a kan kula da halitta, ya kira duniya gidanmu na tarayya, ya kuma sa dasa itace cikin ƙananan ayyukan da kowa zai iya. Saboda haka muna roƙon kowane iyali da ke da ɗan fili a tsakar gida su dasa itace guda a daminar bana, darbejiya ko tsamiya ko mangwaro. Masu zaman haya su nemi iznin mai gida tukuna. Zumuntar Mata da matasa kuma su raba itatuwan harabar coci a tsakaninsu, a rubuta sunan wanda zai shayar da kowanne tun daga Oktoba har ruwan fari ya sauka.