Mai Mudu Biyu

Duk wanda ya saba da kasuwar hatsi ya san ɗan awo mai mudu biyu. Ɗaya mai zurfi ne, da shi yake auna na manomi idan ya kawo amfaninsa. Ɗayan kuwa an ɗan buga gindinsa ya lotsa ciki, shi ake fito wa mai cefane da shi. Bai zuba tsakuwa a gero ba, bai jiƙa masara ba, har yana iya rantse maka cewa ya cika mudu da tozo. Ha'incin nasa a cikin ma'aunin yake. Malamai sun daɗe suna jan kunne a kan wannan hali, har akwai sura guda a Alƙur'ani da ke ɗauke da sunan masu yin sa, wato Suratul Muɗaffifina. Sai dai mukan ɗauka cewa maganar ta 'yan kasuwa ce kawai. Labari ma auna shi ake yi kafin a miƙa wa mai sauraro, shi ma mai sauraron yana da nasa mudun da yake karɓa da shi. Ban san wata kasuwa da ake tauye awo a cikinta kamar ta labarin Isra'ila da Falasɗinawa ba.

Bahaushe ya fi kowa sanin yadda kalma ɗaya take sauya nauyin gawa. A harshenmu wani ya rasu, wani ya mutu, wani ya yi shahada, wani ya halaka. Duk rai ne ya fita, amma daga jin kalmar ka san ko mai magana yana so ka yi ta'aziyya ko ka ɗaga kafaɗa. Haka nan akwai tazara tsakanin "mutum talatin sun mutu" da "an kashe mutum talatin" da "sojoji sun kashe mutum talatin". Ta farko kamar annoba ce ta ɗebe su. Ta biyu ta yarda akwai makashi amma ta rufe masa fuska. Ta uku ce kaɗai ta nuna shi da yatsa. Babu ƙarya a cikin ko ɗaya, kuma nan ne gwanintar mai mudu biyu take.

A watan Janairun 2024 kafar The Intercept ta bi diddigin rahotannin manyan jaridun Amurka uku, New York Times da Washington Post da Los Angeles Times, na makonni shida na farkon yaƙin Gaza. Ta samu cewa kalmar da ke nufin kisan kiyashi an yi amfani da ita sau 125 a kan Isra'ilawan da aka kashe, sau 2 kacal a kan Falasɗinawa, alhali a lokacin gawarwakin Gaza sun ninka na Isra'ila sau da yawa. Wannan mudun mai lotsattsen gindi ne, kuma mu a nan ba mu sha wahalar gano shi ba. Wanda ya fi wuyar gani shi ne namu. Harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoban 2023 ya ci rayuka kusan 1,200, akasarinsu farar hula, aka kuma yi garkuwa da mutum kusan 250. A cikin waɗanda suka rasa rayukansu akwai tsofaffi da yara, akwai leburorin gona 'yan Tailan, akwai Larabawa Musulmi makiyaya, akwai ɗalibai biyu 'yan Tanzaniya da suka je koyon noma. Amma a majalisu da yawa duk an haɗa su an kira su "'yan mamaya", don kada zuciya ta ji ɗar. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Labarai biyu da suka fito mako guda tsakaninsu sun isa gwaji ga kowa. Ranar 10 ga Oktoban 2023 aka kai 'yan jarida ƙauyen Kfar Aza na Isra'ila, daga nan maganar ta tashi cewa mayaƙan Hamas sun fille kawunan jarirai arba'in. Kafin gari ya waye tana shafin farko na jaridu a Ingila. Shugaban Amurka na lokacin, Joe Biden, ya yi magana kamar wanda ya ga hotunan da idonsa, daga baya fadarsa ta ce bai gani ba, labari ya ji. An kashe yara a wannan rana, wannan tabbas ne. Amma jarirai arba'in da aka fille wa kai, ba a taɓa kawo su ba, ba a kawo sunayensu ba. Duk da haka labarin ya gama aikinsa, domin ya sa mutane da yawa sun ga cewa duk abin da za a yi wa Gaza ya halatta.

Ranar 17 ga wata kuma wani abu ya fashe a harabar asibitin Al-Ahli da ke birnin Gaza, inda jama'a suka fake. Nan take ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce jirgin Isra'ila ne, kuma mutum 500 sun mutu. Daga baya ta ce 471. Zanga-zanga ta ɓarke a ƙasashe da dama, aka soke taron da Biden zai yi da shugabannin Larabawa a Amman. Isra'ila ta ce rokar ƙungiyar Islamic Jihad ce ta kauce ta faɗo. Ƙungiyar Human Rights Watch, wadda ba ta saba raga wa Isra'ila ba, ta ce alamu sun fi nuna irin makamin da mayaƙan Falasɗinawa ke harbawa, wasu masu bincike kuma suka yi jayayya da hujjojin da sojojin Isra'ila suka gabatar. New York Times ta fito ta amsa cewa rahotonta na farko ya jingina da maganar Hamas fiye da kima.

To, sai mutum ya tambayi kansa: wanne ya haɗiye ba tauna, wanne ya ce sai an kawo hujja? Mafi yawanmu mun yi ɗaya daga cikin biyu. Wanda zuciyarsa ke tare da Isra'ila ya karɓi labarin jarirai hannu bibbiyu, ya zama alƙali mai tsanani a kan na asibiti. Wanda zuciyarsa ke tare da Falasɗinawa ya yi akasin haka. Kowannensu yana da basirar tantance labari, ya kuma nuna ta, amma a gefe ɗaya kawai yake fito da ita. Wannan shi ne mudu biyu a zuciyar mai sauraro, kuma da shi masu farfaganda suke cin kasuwa. Ba sa wahalar da kansu wajen sauya maka ra'ayi. Abin da kake marmarin ji suke nemowa su kawo maka.

A nan wani zai ce, ashe so kake mu raba laifi gida biyu, mu ce kowa da nasa, mu tashi? A'a. Mudu ɗaya ba ya nufin tsibi biyu su zo daidai. Idan aka auna da gaskiya, wanda ya fi yawa zai fito ya fi yawa. Gefe ɗaya ƙasa ce mai jiragen yaƙi da goyon bayan Amurka, wadda take riƙe da Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus tun 1967. Zuwa watan Yulin 2025 adadin waɗanda ma'aikatar lafiya ta Gaza ta lissafa an kashe ya haura 60,000. Mai cewa "ai duk ɗaya ne" don kada a ce ya ɗauki gefe, shi ma tauye awo ya yi, sai dai nasa da fara'a. Abin da adalci ke nema shi ne tambayar da ka yi wa maganar Hamas ka yi wa ta kakakin sojan Isra'ila, kuma ran yaron da aka kashe a Kfar Aza ya yi maka nauyi kamar na wanda aka tono daga ɓaraguzan Khan Yunis.

Idan aka riƙe wannan ma'auni, mai ƙarfi ne ya fi shan kunya. A duba Shireen Abu Akleh, wakiliyar Al Jazeera da aka harbe a Jenin ranar 11 ga Mayun 2022, tana sanye da rigar sulke mai alamar 'yan jarida. Firaministan Isra'ila na lokacin, Naftali Bennett, ya ce mai yiwuwa harsashin Falasɗinawa ne. Sai a watan Satumba, bayan kafofi da dama sun yi nasu binciken, rundunar sojin Isra'ila ta ce akwai yiwuwa mai ƙarfi sojanta ne ya harbe ta bisa kuskure. A duba ma'aikatan agaji 15 da aka kashe a Rafah ranar 23 ga Maris ɗin 2025, aka binne su cikin rairayi har da motocinsu. Sojoji suka ce motocin sun tunkaro su cikin duhu ba fitila. Sai aka samu bidiyo a wayar ɗaya daga cikin mamatan, ga motocin ɗaukar marasa lafiya nan fitilunsu na gaggawa suna walƙiya, dole rundunar ta sauya magana. A watan Disamban 2023 kuma jaridar Jerusalem Post ta ce gawar wani jaririn Gaza da aka nuna 'yar tsana ce, daga baya ta janye labarin ta ba da haƙuri. Ga shi Isra'ila ta hana 'yan jaridar waje shiga Gaza su kaɗai, ta rufe ofishin Al Jazeera a watan Mayun 2024, kwamitin kare 'yan jarida na CPJ kuma ya ce tun da ya fara lissafi a 1992 bai ga yaƙin da ya ci rayukan 'yan jarida irin wannan ba.

Abin lura shi ne, duk waɗannan abubuwa haƙuri da hujja ne suka tono su: bidiyo, sautin harbi, sunaye, sa'a da wuri. Da Biden ya ce bai yarda da alƙaluman Gaza ba a ƙarshen Oktoban 2023, ma'aikatar lafiya ta Gaza ba ta yi ihu ba, sai ta fitar da jerin sunaye sama da 6,700, kowane da shekarunsa da lambar katin shaidarsa. Wanda aka zalunta ba shi da jirgi, ba shi da tanka, jarinsa ɗaya ne: idan ya yi magana a yarda. Wannan jarin ne muke ƙonawa duk lokacin da muka tura ƙarya da sunan taimakonsa.

Kuma muna turawa. Tun makon farko na yaƙin aka riƙa yawo da hotunan yaƙin Siriya ana cewa Gaza ce, da bidiyon wasan kwamfuta mai suna Arma 3 ana cewa ga mujahidai sun kakkaɓo jirgi. A watan Mayun 2024 wani hoton tantuna jere reras, wanda na'ura ta ƙirƙira da sunan Rafah, an yaɗa shi sama da sau miliyan 40 a Instagram, alhali hotunan gaskiya na tantunan da suka ƙone suna nan, masu ɗaukar su sun sa rai a faranti kafin su samo su. Mai turawa a WhatsApp yakan ce, "Ko wannan ba gaskiya ba ne, ai suna yin abin da ya fi haka." Haka ne, suna yi. Amma da zarar an kama hoto ɗaya na bogi, sai a ɗaga shi sama a ce wa duniya, kun gani, duk wasan kwaikwayo ne. Ƙarya ɗaya tamu takan zama bargon da ake lulluɓe gaskiya ɗari da shi. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, kuma uwar da ta binne ɗanta a Jabaliya ita ke biyan kuɗin furen.

Mai sauraron Hausa yana da wata dama da ba kowa ke da ita ba. A rana ɗaya yana iya jin labari guda daga BBC, wadda ke magana da Hausa tun 1957, da Muryar Jamus, da RFI, da TRT ta Turkiyya, da rediyon Tehran wanda ba ya ambaton Isra'ila sai ya ce "haramtacciyar ƙasa". Kowace tasha daga wata ƙasa take, kowace ƙasa kuma da inda ta jingina. Tsofaffinmu masu rataya rediyo a kafaɗa sun san wannan tun tuni, shi ya sa sukan ce, "Bari mu ji abin da Jamus za ta ce," kafin su yanke. Waya ta rage mana wannan haƙurin. Tana lura da abin da muke daɗewa a kansa ta ƙaro mana irinsa, har mutum ya zaci duk duniya bakinta ɗaya da nasa.

Addini bai bar mu a duhu ba a nan. Aya ta shida ta Suratul Hujurati umarni ce da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, aya ta takwas ta Suratul Ma'ida kuma gargaɗi ce kada ƙiyayyar wasu mutane ta fitar da mutum daga adalci. Babu inda aka ce hukuncin ya faɗi idan abokin gaba azzalumi ne. Adalci ga wanda kake so ai ba ya buƙatar umarni.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi kafin yatsansa ya taɓa maɓallin turawa. Ka juya sunayen. Inda aka ce Isra'ila ka sa Hamas, inda aka ce Hamas ka sa Isra'ila, ka sake karantawa. Idan a haka za ka ce, "Wa ya faɗa? Ina aka ɗauki hoton? Yaushe?", to waɗannan tambayoyin suna kanka tun a karatun farko. In ba ka samu amsa ba, ka ajiye saƙon ya kwana. In kuma ka riga ka tura, daga baya ta bayyana ba haka ba ne, ka koma zauren da ka tura ka ce, "Jama'a, wancan hoton ba na Gaza ba ne, na yi kuskure." Da nauyi a baki, na sani. Amma gobe idan ka kawo musu sunayen ma'aikatan agajin da aka binne a Rafah, za su tsaya su saurare ka.